Jita mai siririn kogo, mai sauti tas babu ƙugi: wacce zan saya?

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata shida ina kaɗa jitar lantarki a Kaduna. Ina bin wata ƙungiya muna zuwa bukukuwa, wani lokaci kuma a kira ni situdiyo in saka wa mawaƙi jita. Wadda nake da ita irin Stratocaster ce. Sautinta na da daɗi, amma ƙuginta ya ishe ni. Da na ɗaga hannu daga kiɗa sai lasifika ta kama gurnani, har mai haɗa sauti ya fara harara ta. Na tara 'yan kuɗi, ina son in sayi irin siririyar nan mai kogo a ciki da tagogi biyu a fuska, wadda za ta yi mini hailaif da rege da jaz da ɗan kiɗan hamada, sautinta tas, babu ƙugi. Wani ya ce in nemi Epiphone Casino, wani ya ce irin 335. Ni dai a ido duk ɗaya nake ganinsu. Wacce za ka ba ni shawara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka da kyau, jita ɗaya kake nema da za ta shiga kowane irin kiɗa, ta ba ka ɗumin nan na katako mai kogo, kuma in ka yi shiru ita ma ta yi shiru. Akwai ta. Amma biyun da aka ambata maka, duk da kamarsu kamar an tsaga kara, ɗaya ce kawai za ta raba ka da abin da ke damunka. Casino jita ce mai daɗin gaske, ni ma ina son ta, sai dai in ka saye ta don maganin ƙugi, an gudu ne ba a tsira ba: za ta yi ƙugin da taka ke yi, ta ƙara maka da kuwwa. Irin 335 ita ce taka. Na fi shekara ashirin ina kaɗawa, kusan rabinsu kuma ina gyara wa mutane, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya kashe kuɗi a sabuwar jita alhali ciwon ba a jikin jitar yake ba. Don haka ka yi haƙuri da ni, sai mun bi ta dalilai kafin mu zo sunaye.

Kogon iri biyu ne

Jitocin lantarki na farko da masu jaz suka riƙe a Amurka manyan akwatuna ne, cikinsu fanko, kaurinsu ya haura inci uku. Muryarsu da ɗumi, amma da an ƙara wa amfilifaya ƙarfi sai su kama kuka. Wanda ya taɓa riƙe goge ko garaya ya san dalili: ƙwarya da fatar da aka ɗaura mata don su girgiza aka yi su. Fuskar jita mai kogo ma haka take. Sauti ya fito daga lasifika ya dawo ya bugi fuskar, fuskar ta girgiza tsirkiya, fikof, wato ɗan abin da ke ƙarƙashin tsirkiya mai ɗaukar sautinta, ya ɗauka ya miƙa wa amfilifaya, lasifika ta sake fito da shi fiye da na farko. Kafin ka ƙifta ido "wuuu" ya cika ɗaki. Wannan nake kira kuwwa, kuma ka riƙe cewa ita daban, ƙugi daban. Kuwwa daga jikin jita take. Ƙugi daga fikof da wuta yake.

Kamfanin Fender, mai yin Stratocaster, ya kauce wa matsalar a 1950 da jita ta katako tsantsa, babu rami ko kaɗan, kamfanin Gibson ya bi sahu da jitar Les Paul a 1952. A 1955 kuma Gibson ya rage wa masu kogon kauri, ya fitar da irin su Byrdland da ES-350T, kuma nan ne asalin siririyar da kake magana. Sai a 1958, lokacin Ted McCarty na shugabancin kamfanin a Kalamazoo, aka yi dabarar da ta zauna har yau, wato ES-335. Faɗinta inci 16, kaurin gefenta bai kai inci biyu ba, amma a tsakiya an shimfiɗa gungumen katako tun daga gindin wuya har ƙarshen jiki. A kan gungumen nan aka kafa jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa, da fikof biyu, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da jakin. Kogon ya koma fukafukai biyu, dama da hagu. Tsakiyar ba ta girgiza yadda za ta tada kuwwa da wuri, gefen kuma yana ba da ɗan numfashin da katako tsantsa ba shi da shi.

A 1959 suka fitar da ES-330, siffa iri ɗaya, amma babu gungume, fikof ɗinta kuma irin wanda ake kira P-90 ne. Epiphone, wanda Gibson ya saya a 1957, ya fitar da irinta a 1961 da sunan Casino. Ita John Lennon da Paul McCartney da George Harrison na ƙungiyar Beatles suka riƙe, shi ya sa har gobe sunanta bai faɗi ba, kuma Grant Green ya yi shekaru yana jaz ɗinsa da ES-330. Ka ga abin da ya raba kan masu ba ka shawara, kowa da gaskiyarsa. In kana son ka bambanta su da kanka, haska fitilar wayarka ta ɗaya tagar. In bangon katako ya tare ka a tsakiya, mai gungume ce. In hasken ya wuce har ɗaya gefen, fanko ce. Hannu ma yana faɗa maka: Casino tana wajen kilo uku, 335 kuwa takan doshi huɗu.

B.B. King, shahararren makaɗin jita na Amurka, ya sha fama da kuwwa har yana cusa tsumma a tagogin jitarsa, kuma da Gibson ya zo ƙera masa jitarsa mai suna Lucille a 1980, ba a yi mata tagogi ba sam. Tasa fa mai gungume ce. To ina ga fanko?

Ni jikina ne ya gaya mini. Na taɓa ɗaukar wata fanko mai P-90 zuwa dinar biki a wani ɗakin taro mai tayil da rufin kwano. A gida, a ƙaramar amfilifaya, babu wadda ta kama ƙafarta. A wurin kuwa, mai ganga na bayana, lasifika na gabana, duk lokacin da na saki tsirkiya ta biyar sai jitar ta ɗauka ta fara kuka, har ina jin iska na fita daga tagar tana taɓa mini hannu. Haka na ƙare daren, damtsena danne a fuskarta, na ba jama'a rabin baya kamar wanda ya yi faɗa da dangin ango. Kai mai bin bukukuwa ne, irin ɗakunan nan ne wurin aikinka.

Inda ƙugi yake fitowa

Fikof ba komai ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashin kai, zagaye dubbai: wajen 8,000 a na Stratocaster, wajen 10,000 a P-90. Tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, ɗan lantarki ya taso a cikin naɗin, shi ne sautinka. Sai dai naɗin ba ya tantancewa. Taransifomar amfilifayarka, sitabilaiza, fanka, wayoyin da ke cikin bango, duk abin da suka watso shi ma ɗauka yake. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Gana tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, shi ya sa su suke maganar ƙugin 60, mu namu na 50 ne. Tsirkiya mafi kauri a jita tana girgiza sau 82 a daƙiƙa, ƙugin kuma yana kwance a ƙasa da ita, a samanta kuma ga 'ya'yansa na 100 da 150, waɗanda su suka fi shiga kunne. Wata rana in kuna kan ƙaramin janareta, ka saurara: da an kunna wani abu mai cin wuta injin ya yi nishi, za ka ji ƙugin ya sauka sannan ya hau. Injin ne kake ji ta cikin jitarka.

Seth Lover, injiniyan Gibson, shi ya nemi rajistar maganin a 1955, aka fara sa shi a jitocin kamfanin a 1957. A daidai wannan zamanin Ray Butts ya ƙera wa Gretsch nasa, Filter'Tron, wanda Chet Atkins ya yi amfani da shi. Dabarar ɗaya ce: naɗi biyu gefe da gefe, ɗaya an juya masa hanyar da lantarki ke bi, an kuma juya masa fuskar maganaɗisu. Ƙugin da ya shigo daga waje, wannan na turawa wancan na ja, sai su kashe juna. Sautin tsirkiya kuwa juyi biyu ya same shi, ya dawo daidai, sai ya haɗu ya ƙaru. Shi ake kira hambaka, ma'ana mai ture ƙugi.

P-90 yana ruɗar ido saboda faɗinsa, mutum ya zaci hambaka ce. Naɗi ɗaya ne, tun 1946 yake, kuma sau da yawa ya fi na Stratocaster ƙugi. A wasu na zamani an juya ɗaya daga cikin biyun, ta yadda in ka sa makunnin zaɓen fikof a tsakiya za su yi shiru. To amma jitar da ba ta shiru sai a matsayi ɗaya cikin uku, ba ita ce mai shiga ko'ina da ka ce kana nema ba.

Yanzu ga inda mutane suke asara. Hambaka tana maganin ƙugi mai kauri, na "mmm". Akwai wani kuma siriri, na "zzz" kamar ƙuda a kwalba, wanda ƙwan fitila mai araha da cajar kwamfuta da infata da adaftar fedal (akwatin canza sauti da ake takawa da ƙafa) suke haifarwa, shi kuwa ko jitar miliyan nawa ka riƙe zai biyo ka. Kafin ka taɓa kuɗinka, gwada taka ta yanzu. Murɗe maɓallin sauti na jikin jitar zuwa sifili. In hayaniyar ba ta tsaya ba, jitar ba ta da laifi, ka nemi amfilifaya ko fedal ko wutar wurin. In ta tsaya, buɗe shi, ka tsaya ka riƙa juyawa a hankali kamar mai neman sabis. In ƙugin yana hawa yana sauka, har akwai kusurwar da yake kusan ɓacewa, to shi ne wanda hambaka za ta kashe. Sannan ka ɗora hannu a tsirkiya. In "zzz" ɗin ya ragu, jitar lafiya take, kariyar da ke tare wa wayoyinta hayaniya ce ta yi mata kaɗan ko wayar ƙasa ce babu a soket. In bai canza ba ko kaɗan, 'yar wayar da ke haɗa jaki da ƙasa ta tsinke a ciki. In ƙaruwa ya yi, wani ya juya wayoyi a ramin da ake soka kebur.

Wani yaro ya taɓa kawo mini irin 335 sabuwa fil, ransa a ɓace, wai an cuce shi. Na soka ta a amfilifayar shagona, shiru kamar an ɗauke wuta. Na bi shi ɗakin da yake naɗar sauti. Kwamfuta da miksa da amfilifaya duk a kan jona ɗaya mai baki biyu, wadda aka fasa mata kai aka cusa wayoyi tsirara a bango aka tokare da ashana. Na zare cajar kwamfutar kawai, rabin hayaniyar ta tafi. Sauran rabin ya tafi ranar da mai wayarin ya kafa masa sandar ƙasa a bayan ɗaki. Kebur ma kada ka raina shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kebur mai kyau, wanda bai wuce mita biyar ko shida ba, ya fi dogo mai araha.

Maganar wayar ƙasa ba ta sauti kaɗai ba ce. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin amfilifaya. In ka taɓa jin makirufo ya ɗan tsunkule ka a leɓe alhali hannunka na kan jita, ka tsaya a gyara kafin ka ci gaba. A 1972 Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotilan, a kan dandamali ya rasu a Swansea sanadin irin wannan. Duk wanda ya ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don ƙugi ya tafi, kada ka saurare shi. In ƙugin daga haɗa amfilifaya da miksa ne, ƙaramin akwatin da ake sawa tsakaninsu, wanda ake kira DI, mai makunnin raba wayar ƙasa, shi ne maganinsa.

Shiru daban, sauti tas daban

Ba kowace hambaka ce ke ba da sauti tas ba. Wasu an cika musu naɗi don masu kiɗan rok, in ka auna naɗin a mita za ka ga kilo-om 13 zuwa 16. Ƙarfi gare su, amma a hailaif sai ka ji kamar an lulluɓe lasifika da bargo, kuma suna sa amfilifaya ta fara shaƙewa tun ba a je ko'ina ba. Na asali na Seth Lover suna tsakanin 7 da 9 ne. Irinsu za ka nema. Filter'Tron ya fi su haske da kaifi, ga mai son tsirkiya ta fito ɗaya bayan ɗaya a rarrabe. Akwai kuma ƙaramar hambaka irin ta Epiphone Riviera, da wadda Seth Lover ɗin ya sake ƙera wa Fender bayan ya koma can, Wide Range, da aka sa a Telecaster Thinline ta 1972. Duk waɗannan shiru suke, kuma sun fi hambakar gama-gari haske.

Abu biyu da ba sa cin ko kwabo. Na farko, sauke fikof. Yawancin jitocin da ake kawo mini da kukan "sautin ya yi laka", fikof ɗin wuya ne aka ɗaga har yana neman taɓa tsirkiya. Danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya, ka bar tazarar milimita biyu da rabi zuwa uku tsakaninta da fikof, ka ƙara sauke ɓangaren masu kauri kaɗan. Na biyu, koyi aiki da maɓallanta huɗu: kowane fikof yana da na ƙarfin sauti da na kaifi. Sa makunni a tsakiya, ka bar ƙarfin sautin fikof ɗin jaki a 10, ka rage na wuya zuwa 7 ko 8: nan ne sautin rege da hailaif yake ɓoye a jikin 335. Koma na wuya shi kaɗai ka rage masa kaifi, ga jaz. Iya shiga ko'ina da ake yaba wa wannan jita, a maɓallan nan yake.

Za ka ga wasu an rubuta cewa ana ja musu maɓalli hambakar ta koma naɗi ɗaya. Gaskiya ne, amma da ka ja, ƙugin ya dawo, tunda ka kashe abokin da ke tare shi. Abin da na fi yi wa mutane, in fikof ɗin mai wayoyi huɗu ne, shi ne in haɗa naɗin biyu kafaɗa da kafaɗa maimakon ɗaya na bin ɗaya. Sautin ya sirance ya yi haske, shirun kuma yana nan.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da za ka rasa. Wannan ƙyal-ƙyal ɗin na Stratocaster, wanda ake ji a hannun makaɗan Agadas irin su Mdou Moctar, daga naɗi ɗaya da doguwar tsirkiya yake fitowa. Hambaka tana kusantarsa, ba ta kai shi. Taura biyu ba ta taunuwa. Shi ya sa nake ba ka shawara kada ka sayar da tsohuwar. In ma kiɗan hamada ne ya fi yawa a aikinka, sauya mata fikof da irin masu naɗi biyu a ɗore, ɗaya kan ɗaya, ya fi maka araha da sayen sabuwa. Kuma ka sani ni mai son sauti mai laushi ne, kunnena ya karkata can tun da daɗewa. Naka kunnen ne zai yanke hukunci.

Waɗanda zan duba in ni ne

Ba sai ka kai ga Gibson ba. Epiphone ES-335 da Sheraton, da Ibanez AS73 da AS93 na jerin Artcore, duk masu gungume ne da hambaka biyu, kuma na ga sun yi shekaru suna aiki a hannun masu bin biki. Ibanez ba baƙo ba ne a wannan fage. John Scofield ya yi shekaru da dama da AS200. In aljihu ya yi nauyi, Yamaha SA2200 ta Japan aikinta ba ya jin kunyar na kowa. In haske ka fi so, Gretsch G5622 ko G2622, amma ka lura da lambar, domin G5420 fanko ce kuma mai kauri. In kai ba mai girman jiki ba ne, faɗin inci 16 yakan gajiyar da kafaɗa a kiɗan awa huɗu. ES-339, wadda aka fitar a 2007, ita ce 335 da aka rage wa jiki.

Akwai wadda ba a cika ambata ba, kuma ga wanda ya taso a Stratocaster ina ganin ta cancanci a taɓa ta: Telecaster Thinline irin ta 1972, wadda Squier ma yake yi. Tsawon tsirkiyarta inci 25.5 ne kamar taka, na irin Gibson kuwa 24.75, don haka hannunka ba zai yi baƙunta ba, sautin kuma ya fi tsauri da kaifi. Wuyanta da kusoshi aka ɗaure, in ya lalace a kwance a sauya. Sai dai kogonta kaɗan ne, ba za ta ba ka numfashin 335 ba. Masu hannun girgiza sauti na Bigsby kuwa, kyau gare su a hoto, amma sauya tsirkiya a tsakiyar biki da shi sai mai haƙuri, kuma in ba a saita shi da kyau ba jitar ba ta zama a kan sautinta. Farashi ban kawo ba da gangan, tunda canjin dala kullum motsa shi yake.

Hunturu da gyara

Waɗannan jitocin an ƙera su ne da tunanin ɗaki mai danshin kashi 45 zuwa 55. A hunturunmu danshin iska yakan faɗo ƙasa da 20. Sa'ar da aka yi, jikin 335 da 'yan'uwanta falle-fallen katako ne aka manne, ba ya tsagewa da sauƙi kamar na falle ɗaya. Wuya ne ke shan wahala. Katakon da yatsu ke takawa ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, wuyan ya canza lanƙwasa; damina ta zo ya koma ɗaya gefen, tsirkiya ta yi tsatsa. Ka saba da saita sandar ƙarfen cikin wuya sau biyu a shekara, kwatan juyi a lokaci guda, ba da ƙarfi ba. Daga Nuwamba zuwa Maris ka ajiye ta a akwatinta, da ɗan soso mai laima a cikin gidan sabulu mai huji. Kada ka bar ta a but ɗin mota da rana. Akwatin kuma mai tauri, ba jaka ba: kan jita irin ta Gibson a karkace yake baya, faɗuwa ɗaya daga adaidaita-sahu ta isa ta karya shi, kuma na ɗinke irin wannan karaya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Wani abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba: 335 ba ta da murfi a baya. Duk maɓallanta da wayoyinta ta taga ko ta ramin fikof ake zura su. In ɗaya ya lalace sai an fito da kayan cikin gaba ɗaya, a like da dalma, sannan a mayar. Ni da siririyar robar ƙarin ruwa nake yi, in soka ta a kan kowane maɓalli in jawo shi raminsa a hankali, aikin minti goma a Stratocaster ya zama na yini. Don haka kuɗin gyaranta ya fi yawa, kuma ba kowane mai gyaran rediyo za ka miƙa wa ba. Ka riƙa duba notin ramin kebur. In ya kwance ka ɗaure shi nan take, domin in ya faɗa ciki ranar biki, kiɗa ya ƙare.

Ranar saye, ko a Sabon Gari ne ko a Alaba, ko ta hannu ce wani ya kawo maka, kada ka yi cinikin biri a sama. A nan ji ne ya kori gani. Tafi da kebur ɗinka da tsohuwar jitarka, ka soka su a amfilifaya ɗaya, a soket ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Kaɗa sabuwar ba wuta tukuna, ka ji ko wani abu na kaɗawa a cikin kogon. Sannan ka buɗe sauti, ka saurari kowane matsayi na makunni hannunka a ɗage. Ƙwanƙwasa murfin fikof da farce: ɗan "tak" ba laifi, amma in ya amsa da ƙarfi kamar makirufo, ko ya yi fito siriri da ka ƙara sauti alhali ka danne tsirkiyoyi, naɗinsa a sake yake, zai ba ka wahala a dandamali. Murɗa maɓallan huɗu ka ji ko suna ƙarar yashi. In an ce maka Gibson ce a kuɗin Epiphone, dubi ɗan murfin da ke kan jitar sama da wuya: na Gibson kusoshi biyu gare shi, jabu sukan zo da uku. A Epiphone uku daidai ne. Daga ƙarshe ka roƙi mai shago ya bar ka ka ƙara sauti zuwa yadda kuke yi a biki, ka fuskanci lasifika, ka saki tsirkiya ta biyar ka ƙirga zuwa goma.